Hular da Safara'u ta ɗinka

Wata uku Safara'u ta yi tana ɗinka mini hula. Kwana biyu hular ta yi a kaina. Na yi wa kaina alkawarin zan faɗi yadda aka yi ba tare da na gyara labarin don in fito da kyau ba, ko da yake hannuna na ƙaiƙayi.

Sunana Nuru. Ina aiki a wani kamfanin alewa a Bompai, sashen naɗi, inda inji ke tofo alewa ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna tsaye muna tsince wadda ta fito ba takarda. Iyayena manoma ne a Sharada. Daga can zuwa Bompai sai mutum ya keta Kano gaba ɗaya a keke kafin jiniyar safe, don haka muka kama ɗaki a Dakata ni da Ado, wanda muke tsayawa gaban inji ɗaya. Na yi makarantar Midil. Na karance duk abin da ɗakin karatu na En'e ya yarda a ara, har da wani littafi kan kiwon kaji, kuma daga wannan karatu na fito da tabbacin cewa ni mutum ne mai zurfin zuciya da aka ajiye gaban injin alewa bisa kuskure. Ina rubuta waƙoƙi a bayan takardun naɗin da suka lalace. Ado ya ce waƙoƙina ne kaɗai ya taɓa ganin tururuwa na rububi.

Safara'u 'yar Malam Abdulwahid ce, mai ba da karatun littattafai a soronsa, layi biyu daga ɗakinmu. Baffannina sun je gaisuwa sau ɗaya. Malam ya karɓe su da mutunci, ya ce shi ba ya yanke wa 'ya'yansa magana, zai ba yarinya lokaci zuwa gab da Babbar Salla, in ta ce to, a zo a sa rana. Ke nan duk abin da nake nema a duniya yana rataye a kalma ɗaya daga bakinta, ita kuwa ba mai ɓarnar kalmomi ba ce.

Ran wata Juma'a da la'asar, muna tsaye a ƙofar gida, ta miƙo mini wani abu a ƙunshe cikin adiko.

"Ungo. Kada ka buɗe a nan."

Na buɗe a nan. Hula ce ta hannu, shuɗi da fari, da wani siririn layi ruwan goro da ya zagaye ta. Ɗinkin ya yi ƙanana har sai ka kawo ido kusa kafin ka ga inda allura ta bi. Ta baya, wajen faɗin yatsa biyu, shuɗin ya ɗan fi sauran duhu.

"Zaren ya ƙare mini, ban sami irinsa ba," in ji ta. "Ka riƙa juya wurin baya."

Na ce mata wannan wurin na fi so, domin a nan ne hular ta nuna hannun ɗan Adam ne ya yi ta. Na ce sarakunan da suka shuɗe sun sa kambin zinariya amma ba wanda aka taɓa zaunawa wata uku dominsa. Na shiga jimla ta uku ke nan ta katse ni.

"Malam Nuru, sawa za ka yi mu gani ko ta shiga. Huɗubar ka bar wa liman."

Ta shiga daidai. Da na juya zan tafi ta ce, ba ta kalle ni ba, "Ban taɓa yi wa kowa ba sai Malam." A hanya na gaisa da mutanen da ban sani ba.

Yanzu sai in faɗi laifina na asali. Duk ranar Lahadi ina zuwa Tsohon Silima, can tsakanin Fagge da Sabon Gari. Wani Balarabe Kwara ne ya gina shi tun kafin Yaƙin Bama, kuma tsofaffi na cewa kafin a fara haska fim a cikinsa Turawa sun yi rawa a wurin, an yi dambe, daga baya 'yan jam'iyya sun yi taron da aka tashi da jifa da benci. Ba shi da rufi. Katanga ce doguwa mai fasassun kwalabe a kai, da wani farin bango a gaba inda ake haska hoto, da dandamalin siminti a gindinsa wanda ya tsage gida biyu ciyawa ta fito. A baya akwai bene mai kujerun ƙarfe na 'yan kasuwa da ma'aikatan reluwe. Mu 'yan kamfani benci ne namu, benci mai sunayen mutanen da suka sassaƙa da wuƙa tun ban san hannun dama ba. Da yake ba a iya haska fim sai rana ta faɗi, mai wurin yakan ba makaɗa shi daga la'asar zuwa gab da magariba. A gidan Malam Abdulwahid kuwa, silima wuri ne da mutumin kirki ba ya fakewa a jikin katangarsa ko da ana ruwa. Ban taɓa yi wa Safara'u ƙarya a kan Lahadina ba. Ban dai taɓa bari zancen ya biyo ta nan ba.

Wanda nake zuwa dominsa shi ne Alhassan Ɗan Ladidi mai kukuma. Ƙaramin mutum ne, in ka gan shi a hanya sai ka ɗauka mai sayar da allura ne. Amma in ya ɗora kukumar nan a ƙirji ya ja, masu ƙwarya biyu suka shigo, kalangu ya amsa, sai lasifikar da ke rataye a bango ta fara rawa. Na yi imani a lokacin cewa a duk dandalin mu biyu ne muka san abin da ake ciki, ni da shi.

Ran Lahadi na wanke riga, na ɗora hula, na tsaya gaban guntun madubinmu har Ado ya gama cin abinci.

"Bar hular nan a gida," in ji shi.

"Don me?"

"Sabon abu ba ya zuwa gaban maroƙa."

Na ce masa abin da ake ƙauna ba a kulle shi a akwati. Ya ce to, ya ɗauki kekensa.

Mun sami benci na huɗu. Rana na dukan bangon hagu, masu goro da taba na yawo, wani daga bene na tofo ɓawon gyaɗa a kan na ƙasa ana zaginsa yana dariya. Ɗan Ladidi ya fara da waƙar wani direba, ya yi ta wani mai sayen gyaɗa wanda ya sauko daga bene da ƙyar ya yi masa liƙi. Lawan sanƙira, wanda aikinsa shi ne ya zaga cikin jama'a ya kuma shelanta kyautar kowa, ya biyo ta layinmu. Na ga ya sunkuya wajen Ado sun yi 'yar magana, ya danƙa wa Ado goro. Ban kawo komai a raina ba, hankalina na kan dandamali.

Sai kiɗan ya sauya. Kukumar ta yi ƙasa, ta yi wani irin kuka siriri, Ɗan Ladidi ya rufe ido ya ce:

"Nuru na Bompai mai zaƙin hannu,
Ɗan Sharada, dawarku ta yi kai.
Wa ya ɗinka abin da ke kanka?
Wadda ta ɗinka ba ta yi barci ba.
Allura ta san sirrin mai ita,
Zare ya san wanda ake so."

'Yan amshi suka ɗauka, "Zare ya san wanda ake so." Duk dandalin ya juyo yana neman Nuru, Ado ya nuna ni da haɓa.

Ban san na miƙe ba. Abin da na sani shi ne mutumin nan ya leƙa cikin ƙirjina ya karanto abin da na yi wata shida ina ɓata takardun kamfani ban iya faɗa ba. Hawaye na zuba, na bi tsakanin bencina zuwa gaba, mutane na buɗa mini hanya. Wanda aka yi wa waƙa ba ya komawa mazauninsa hannu sake, kowa ya san wannan. Na laluba aljihu, na ji alewa huɗu da suka narke. Na duba ƙafata, takalmin roba ne. Ɗan Ladidi ya sake jan baitin, ya buɗe ido ya dube ni, sai na ji a raina cewa babu abin da ya cancanci irin wannan magana sai abin da aka yi maganar dominsa. Na cire hular da hannu biyu na ajiye a gabansa.

Lawan ya ɗaga ta sama ya juya ta kowa ya gani. "Jama'a ku shaida, Nuru na Bompai ya ba da hular kansa. Hular da ba a saya a kasuwa ba. Wanda ya ba da kuɗi ya ba da abin aljihu, wannan ya ba da abin zuciya." Aka yi tafi har daga bene. Wani tsoho ya kama hannuna ya ce irinmu sun ƙare. Na koma benci ina jin kamar an naɗa ni sarauta.

Sai da muka zo tsallaka titin jirgi a hanyar komawa, iska ta taɓa tsakiyar kaina, sannan na taka birki.

"Ado."

"Na'am."

"Ina hulata?"

"Tana wajen mai zurfin zuciya ɗan'uwanka," in ji shi, bai ko tsaya ba.

Mako guda na yi ina tsara jawabin da zan yi wa Ɗan Ladidi. Na tabbata mutumin da ya iya wancan baiti, da zarar ya ji wace ce ta yi ɗinkin, zai miƙo mini hular yana share hawaye. Lahadi na zagayowa na riga kowa zuwa, na roƙi mai gadi ya bar ni na zaga bayan farin bangon. Akwai wani ɗaki a nan da ake jibge karyayyun benci da gwangwanayen fim. Na tarar da su a kan tabarma suna shan fura. Na durƙusa na gaishe su.

"Ranka ya daɗe, ni ne Nuru."

Ɗan Ladidi ya dubi Lawan. "Wane Nurun?"

"Mai hula."

"Af. Sannu, samari. Allah ya ƙara arziki. A ba shi ludayi."

Na ce na ƙoshi, na shiga jawabi. Na kai wajen da na kwatanta Safara'u da fitilar da ke ci ba mai, sai wani ƙato ya shigo yana gyara igiyar kalangu a kafaɗa, da hulata a kansa, ya karkata ta gefe, duhun shuɗin nan a gaba daidai goshi. Shu'aibu ke nan, makaɗin kalangu. Ashe tun a daren aka raba abin da aka samu, hula ta faɗa rabonsa.

Ɗan Ladidi ya saurare ni har ƙarshe, ya lashe ludayi, ya ce, "Samari, ka ji an shelanta?"

"Na ji."

"Mutum nawa suka ji?"

"Da yawa."

"To abin da aka shelanta ya fita hannunka, ya fita nawa. In na mayar maka yau, gobe mai riga zai zo, jibi mai doki. A ce Ɗan Ladidi aro ake ba shi a gaban mutane a karɓe a bayan bango. Kai ma sunanka ne zai lalace." Ya yi murmushi, haƙoransa jajaye da goro. "Wanda ya ba mu, muna da waƙarsa. Wanda ya karɓe ma muna da tasa. Ba na so in yi maka waccan, kana da kirki."

Na juya ga Shu'aibu. Na ce zan ba shi kekena.

"Ban iya keke ba."

"Rigata ta Salla."

"Dube ni, dubi kanka." Ya cire hular ya shafa ta da babban yatsa, a hankali, kamar mai shafa kan jariri. "Shekara ashirin ina kiɗa ban sa irin wannan ba. Tun da ka sako kai a ƙofa na hango ta. Na ce wa Lawan, ga tawa can a benci na huɗu, je ka samo sunan mai ita."

Na ce, "Amma baitin fa? Na zare?"

"Wannan ai tsoho ne," in ji Lawan. "Mun yi wa wani mai riga a Gusau, mun yi wa mai jakar fata a Zariya. Duk inda aka ga ɗinkin hannu a jikin saurayi yana ci."

Abin da ya rage mini ɗaya ne. Na zaro takarda na ce zan ba su waƙar da na rubuta, baiti arba'in, ƙafiya ɗaya daga farko har ƙarshe, su rera ta ta zama tasu. Ɗan Ladidi ya ce in karanta. Na karanta baiti biyu. Ya ce tana da kyau ƙwarai, sai dai bai ga inda kalangu zai shiga ba, kuma mai ƙwarya zai yi barci.

Shu'aibu ya mayar da hular kansa. "Ka ga, ni ba mugu ba ne. Kawo mini irinta, hannun da ya yi wannan, mu yi musaya a ɓoye ba wanda ya ji. Ban da haka kada ka wahalar da kanka."

Da ina da zuciya da daga nan gida na nufa. Na zauna na kalli wasan. Wajen ƙarshe suka yi wa wani mai riga aska takwas baitin zare, kalma ɗaya kawai suka canza. Na san dabarar, na ga Lawan lokacin da yake tambayar sunansa, amma duk da haka na yi kuka.

Makonni uku na yi ina zuwa zance da tsohuwar hulata dara.

"Ina hular?" in ji Safara'u a karon farko.

"Na kai wanki."

"Hular kwana biyu?"

Na ce hayaƙin kamfani ne. A mako na biyu na ce mai wankin ya yi tafiya Gezawa ta'aziyya. A na uku na ce ya dawo, na karɓa, amma na adana ta sai ranar Salla don kada ido ya yi mata yawa. Kowane karo sai ta ce "To," ta ci gaba da wani zancen. A tsakani na je Kasuwar Kurmi da zanen hular da na yi daga benci na huɗu ina leƙen kan Shu'aibu. Mai hula ya juya takardar sama da ƙasa ya tambaye ni ko taswirar gona ce. Ya ce ko da ya gane, aikin wata uku ne, kuma macen da ta yi ɗinki tana gane hannunta ko a cikin duhu.

Ran wata Alhamis, ana tashi daga aiki, Ado ya ce da ni a wajen ajiye kekuna, "Ka san bikin Zulaihatu yau ake kamu a Hotoro?"

Na sani. Zulaihatu aminiyar Safara'u ce, kwana biyu ke nan Safara'u tana can.

"Ka san wa aka ɗauko ya yi wa 'yan mata kalangu?"

Ban taɓa tuƙa keke kamar ranar ba. Na bi ta bayan kamfanin sabulu, na ratsa gonaki, na kusa take akuya. Tun daga nesa na jiyo kalangu. A ƙofar gidan bikin 'yan mata sun yi da'ira, Shu'aibu na tsakiya yana zuba gumi, hulata a karkace. Safara'u na tsaye a gefe da faranti a hannu. Ba ta rawa, ba ta tafi. Kansa kawai take kallo.

A duk littattafan da na ara, wannan ne wurin da saurayi ke keta taro ya faɗi gaskiya kowa na ji. Ni kuwa na ja kekena na laɓe bayan wata motar itace da aka ajiye, na leƙa ta tsakanin tayoyi har na ga ta ajiye farantin ta shige gida. Sannan na koma Dakata ta hanyar da ba kowa.

Kwana uku ban je ba. A na huɗu Ado ya ce in ban tashi ba zai je da kansa ya ba da labarin, kuma zai ƙara gishiri. Na tafi. Ta fito ta tsaya a inda ta saba, ta amsa gaisuwa kamar kullum, har ta tambayi mutanen Sharada. Sannan ta ce:

"Mai wankin hularka ya iya kiɗa."

Na buɗe baki. Na yi tanadin jawabi a kan yadda kiɗa ke raba mutum da hankalinsa, da misalai daga ƙasashe uku. Da na dubi fuskarta sai duk ya watse. Na faɗa mata kawai. Silima, Lahadi, benci na huɗu, alewa huɗu a aljihu, ɗakin bayan bango, sharaɗin Shu'aibu, har motar itace.

"Kana bayan motar?"

"Ina nan."

"Na ga keken. Me ya ce maka har ka cire?"

Na karanta mata baitin, ba rerawa, kaina a ƙasa. Da na zo wajen "ba ta yi barci ba" sai ta ɗan yi wata dariya marar daɗi.

"Nan dai ya yi gaskiya. Da rana aikin gida, sai in an yi isha nake samun zama, Inna na faɗan kananzir." Ta gyara mayafi. "Shi da bai san ni ba ya san haka. Kai da ka sani ka miƙa masa."

"Saboda ke na yi, Safara'u. Da ya ambaci..."

"Saboda tafi ka yi. An yi maka?"

"An yi."

"To ka samu." Ta dubi bakin layi. "Ba hular ce ta fi ci mini rai ba. Da ka zo ran Litinin kai ba hula ka ce ga wautar da na yi, da na yi fushin kwana uku. Amma har da ta'aziyya a Gezawa. Na yi wa mamacin addu'a, Malam Nuru."

Na sunkuyar da kai.

"Malam ya ce in ba shi amsa kafin Juma'a," in ji ta. "Sai da safe." Rana ba ta ko faɗi ba.

Kwanakin nan na bar alewa tsirara ta wuce ni ba adadi, har heluman sashenmu ya tambaya ko idona na ciwo. Na rubuta waƙar bankwana, na rubuta wasiƙar neman gafara mai shafi shida, na yayyage su duka, domin ko ni da na rubuta na ji ƙanshin neman tafi a ciki. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka aiko Malam na kirana.

Na cire takalmi a ƙofar soro, na shiga na durƙusa, idona a kan tabarma. Ya amsa gaisuwa, ya tambayi aiki, ya tambayi ko an yi shuka a Sharada. Sannan ya ce, "To, Nuru, na tambayi yarinyar nan. Ka gaya wa magabatanka su zo bayan Salla da mako guda a sa rana."

Na ɗago kai don in yi godiya. Hulata na kan Malam. An wanke ta, an buge ta, ta zauna tsaf, layin ruwan goro na sheƙi. Da ya juya zai ɗauko buta na hango duhun shuɗin a baya.

"Hular kake kallo?" in ji shi, da jin daɗi. "Aikin yarinyar nan ne, ta Salla ta yi mini, na kasa haƙuri na sa. Ta ɗan yi mini yawa, amma ba a raina abin da 'ya ta yi. Irin wannan ai ba a samu a kasuwa."

"Ba a samu, Malam."

"Ka yi dace. Mace mai haƙurin allura tana da haƙurin zama da mutum."

Na ce haka ne. Ya yi addu'a mai tsawo, na shafa, na fito da baya ina tuntuɓe da dokin ƙofa.

Tana tsaye a waje ta jingina da bango, tana tsinke zare daga bakin mayafinta.

"Yaya aka yi?" na tambaya da ƙaramar murya.

"Wadda nake yi wa Malam saura kaɗan dama. Na ƙarasa ta a kwana huɗu, na ba Ma'u mai kitso, ta san matar makaɗin, aka yi musaya. Ya ce wannan ta fi waccan ma." Ta ɗago ido. "Sau biyu na sa aka wanke. In Malam ya taɓa jin inda hular nan ta je yawo, daga bakinka ne, kuma ka san sauran."

"Ba zai ji ba." Na ɗan jira. "To, ni fa?"

"Kai me?"

"Na ce ko nan gaba, in kin sami zare..."

"Kasuwar Kurmi ba ta tashi ba."

Na ce na gode duk da haka, na ce na san ban cancanta ba, na ce yafiyarta ta fi... Ta ɗaga hannu.

"Cewa na yi a sa rana. Ban ce na huce ba."

Ta shige gida. Na tsaya ina jiran ko za ta leƙo, ba ta leƙo ba. Daga cikin soro na jiyo Malam na gaya wa wani baƙo cewa wata uku aka yi ana ɗinkin.